Abin da na haɗiye a ofishin sulhu

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin sulhun ma'aurata a Gusau. Tunda ba sauran mai danne min ƙarin girma, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Shugabanmu lissafi ɗaya ya sani: aure nawa aka gyara a wata. Wadda aka yi bikonta ta koma ɗaki, an ci nasara. Wadda aka miƙa wa takarda, a rufe fayil. Alhali bayan takardar ne ciwon yake somawa. Wata yarinya ta zo min tana cikin idda, ta zube, ba barci, ba cin abinci, goyonta na tsala kuka kamar ba ta ji. Uwarta ta ce iskoki ne, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Na rubuta a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, can Sakkwato. Shugaban ya yayyaga takardar a gaban ma'aikata, ya ce: "Ke likita ta? In anka ji ta tai Kware, wa ka aurenta?" Na ce: "Ranka ya daɗe, ai sai tana raye za a aura." Maganar nan har yau ina biyan kuɗinta. Baffan yarinyar na ja gefe, shi ya kai ta. Likita ya ce ciwon damuwa ne, aka ɗora ta kan magani, ta dawo hayyacinta.

Ban ce tsoron shugaban ƙarya ba ne. A garin nan sunan Kware kaɗai ya isa ya tsawaita zawarci. Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma labarin bai iso zaurukanmu ba.

Sauran kuwa kun sani. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta tana idda, amma ranar ake watso kayanta. Malikiyya ta ba uwa riƙon 'ya'ya, amma ana yaye yaro ake miƙa shi ga kishiya. Ya koma fitsarin kwance, a hau shi da duka. Mazan ma suna ciwo, sai dai su kira shi hawan jini.

Ke da za ki hau kujerata, fara da tambayar mace ko tana barci. In za ki tura ta asibiti, nemi baffanta ko kawunta, kada takardar ta bi ta teburin Yallaɓai.