Raba karatun tuƙin jirgi tsakanin ƙasa biyu: a yanka a gaɓa

Uban da ya sayar da shinkafar rani a Argungu ko Jega don ɗansa ya zama matuƙin jirgin sama, dole ya yi lissafi. Sau da yawa lissafin kan kai ga raba karatun: a fara a kwalejin Zariya, wadda take nan tun 1964, ko ta Ilorin, a ƙarasa a Afirka ta Kudu ko Amurka. Dabarar ba ta da laifi. Inda ake tafka asara shi ne wurin yankan.

Darasi na farko, lasisi na ƙasa ne. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ce ƙasar da jirgi ke da rajista ita ce za ta ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Jirgin da ka gani a filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi da 5N, alamar rajistar Najeriya, a jikinsa, sai da takardar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ake tuƙa shi, ko da ɗanka ya zo da lasisin Amurka sabo fil. Hanya biyu ce: amincewa ta wucin gadi, wadda ba ta wuce wa'adin lasisin wajen, ko kuma a musanya shi da na Najeriya. Kafin nan sai hukumar can ta tabbatar lasisin na gaske ne, sannan ga jarrabawar dokokin sama da gwajin likita mai daraja ta ɗaya.

Awoyin tashi suna bin mutum duk inda ya je. Rabin kwas kuwa ba ya tsallake iyaka. Wanda ya ci darussa huɗu na jarrabawar wata ƙasa ya tashi, can zai zauna daga farko. Saboda haka a kammala PPL, lasisin farko, ya shigo hannu, sannan a ɗaga. Barin makaranta ana saura awa goma ga gwaji shi ne mafi ciwo, domin sabon malami ba zai sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Awoyin ma ba bai ɗaya ba ne. Ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, na lasisin kasuwanci, CPL, awa 200 ne, ko 150 ga wanda ya yi kwas amintacce. Rangwamen nan na 150 shi ake fara rasawa idan an raba. A cikin 200 ɗin ana son awa 100 kana shugaban jirgi, 20 na tafiya tsakanin garuruwa, da tafiya guda ta kilomita 540 mai sauka a filaye biyu daban. Amurka kuwa 250 take nema a tsarinta na gama-gari.

Littafin rubuta awoyi, logbuk, nan ake kuka. A Amurka doka ta yarda mai lasisi ya rubuta kansa shugaban jirgi muddin shi kaɗai ke riƙe da tuƙi, ko da malami na zaune a gefensa. Hukumomin Turai ba su yarda da wannan ba. Sai yaro ya ƙirga 100, jami'i ya bi layi-layi da biro ya tsame talatin, kuma kowace awa da dala za a sake sayen ta. Don haka a raba shafi tun ranar farko: tare da malami daban, shi kaɗai daban, dare daban, tuƙi da na'ura daban. Kowane layi da lambar jirgi, da sa hannun malami da lambar lasisinsa, makaranta ta buga hatimi kafin a bar garin. Neman hatimi daga Zuru ta waya, bayan malamin ya canza wurin aiki, wahala ce da ba na so wa kowa.

Sai lokaci. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan hana ɗalibi tashi a Arewa, tunda tashin da ake dogara da ido yana son a hango nesa. Watannin nan sun fi dacewa da karatun aji ko tara awoyi a waje. Gwajin likita kuwa a yi shi kafin a biya ko sisi, don rashin bambance launi kaɗai na iya rufe ƙofar. Kuma a rubuta wa NCAA tun kafin a sayi tikiti, a tambayi abin da za ta karɓa daga ƙasar da aka zaɓa, a adana amsar cikin logbuk ɗin.