Inda Na Kai da Rezin Mai Seleniyam

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon haɗa sinadarai. Tun shigowar hunturu nake koyon aiki a kan ƙwayoyin rezin a nan Jos, a ƙarƙashin malaminmu, kuma yanzu hannuna ya ɗan faɗa, har ina ganin ya dace in ba ku labarin inda na kai. Ga wanda bai taɓa jin wannan hanya ba, asalinta mai sauƙin fahimta ne. Maimakon ka narkar da sinadarinka a cikin kwalba ka riƙa bin sa kana tacewa a kowane mataki, sai ka ɗaure shi a jikin wasu ƙananan ƙwayoyin roba waɗanda ba sa narkewa, su ne rezin. Ka zuba masa abin da za ka zuba, su gama aikinsu, ka wanke ragowar ta bi mataci ta fita, naka yana nan maƙale. Bruce Merrifield ne ya fito da dabarar a 1963 don haɗa feftaid, wato gajerun sarƙoƙi dangin furotin, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1984. Robar da ya yi amfani da ita folistairin ce, dangin farar kumfar nan da ake kare sabon firiji da ita a cikin kwali, sai dai an ɗinke zarurrukanta da ɗan wani sinadari, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, don ta kumbura amma kada ta narke.

Abin da ke tsakanin ƙwayar da sinadarinka shi muke kira maɗauri, kuma a kansa duk rigimar take. Dole ya riƙe da ƙarfi muddin ana aiki, ya kuma saki cikin sauƙi ranar da ka bukata. Yawancin maɗauran da aka gada daga aikin feftaid suna barin tabo in sun saki, wato a gurbin da aka ɗaure sai ka tarar da rukunin asid ko amaid ko da ba ka so. Maɗaurin seleniyam, wani sinadari ɗan'uwan farar wuta, ya fita daban a nan, shi ya sa na nace a kansa.

Kafin malam ya bar ni in kusanci seleniyam, sai da ya sa na daɗe ina wasa da rezin na Merrifield zalla, ba komai a jikinsa. A lokacin na ɗauka jan rai ne. Yanzu kuwa, duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nan zan tura shi.

Ku sami sirinjin roba mai mataci a gindi, ku auna rezin kaɗan ku zuba, ku ja layi a inda ya tsaya. Ku zuba DCM, wani ruwan narkar da sinadarai, ku ba shi ɗan lokaci. Za ku ga ya taso ya ninka kansa sau da yawa, kamar garin kwaki da aka jiƙa. A sauran ruwan narkarwa, THF ma haka, toluwin ma haka, DMF ya ɗan gaza su. Sai ku tace ku zuba metanol, nan take ya tsuke ya koma ƙasa. Ruwa kuwa ko kallonsa ba ya yi. Muhimmancin wannan shi ne, kusan dukkan wuraren da sinadari zai kama suna can cikin ƙwayar, na bayanta ƙalilan ne. In ba ta kumbura ba, ƙofa a rufe take, ko ka kwana kana girgizawa ba abin da zai shiga. Daga nan ne kuma dabarar wanki ta fito: a kumbura da DCM ko THF, a tsuke da metanol, a sake kumburawa, a sake tsukewa, har ƙwayar ta amayar da duk abin da ya maƙale a cikinta. Ni ba na yarda wanki ya kammala sai na ɗiga ruwan wanki na ƙarshe a kan farantin TLC, mai nuna tabon sinadarin da ke cikin ɗigo, na haska shi ban ga komai ba.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hannu a ciki. Busasshiyar iskar hunturu tana sa busassun ƙwayoyin su riƙa tsalle suna manne wa cokalin awo da jikin sirinji, kai har da safar hannu. Maganin da na samu shi ne in jiƙa su da ɗan DCM tun a wurin awo, in kwashe su da fifet mai faɗin baki. DCM yana tafasa a digiri 40 a bakin teku, mu kuwa muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka a nan ya fi saurin tashi. Sirinjin da aka toshe, in ya sha ɗumin hannu, zai iya tunkuɗo murfinsa. Ku riƙa sassauta masa. Kuma kada wanda ya jefa maganaɗisun motsawa a cikin rezin, niƙe ƙwayoyin yake yi su zama gari, garin ya toshe mataci. Girgizawa a hankali ta isa, in wuta ta ɗauke hannu ma yana yi.

To, seleniyam. Berzelius ne ya gano shi a Suwidin a 1817, lambarsa 34, yana zaune daidai ƙarƙashin farar wuta a jadawalin sinadarai, halinsu ma ya yi kama. Bambancin da ya shafe mu shi ne haɗinsa da kabon ya fi na farar wuta rauni. In ka ɗora wa seleniyam ɗin atam ɗaya na oksijin ya zama selenoksaid, oksijin ɗin sai ya miƙa hannu ya cafko haidirojin daga kabon na kusa, wanda ke gefe ɗaya da shi, ta wani zobe mai kusurwa biyar. A take seleniyam ya fice, a bar tagwayen haɗi tsakanin kabon biyun. Wannan yana faruwa a zafin ɗaki ko ƙasa da haka, alhali takwaransa na farar wuta sai an dafa shi sosai. Tun 1973 Sharpless da Reich da Clive, kowa da ɗalibansa, suka mayar da wannan hanya kayan aikin yau da kullum.

Ku ɗauki wannan ku ɗora a kan rezin. Seleniyam yana manne da roba ta hannu ɗaya, sinadarinka ta ɗaya hannun. Ka zuba haidirojin feroksaid, sinadarinka ya sauko da sabon tagwayen haɗi, seleniyam ya zauna a jikin ƙwayar, ka tace. Yankewar kanta mataki ne na ginin, kuma babu alamar inda aka ɗaure. Heitz da abokan aikinsa a Jamus sun ɗora seleniyam a kan roba tun 1976, amma sai a 1998 abin ya kankama, lokacin da rukunin Nicolaou a Kaliforniya da na Ruhland a Denmak suka fitar da nasu ayyukan, kowa ta hanyarsa.

Akwai hanyar yanka ta biyu, da wani sinadarin kuza mai ɗauke da haidirojin tare da AIBN, sinadarin da ke tayar da aikin, a ɗumama. Wannan tana maye gurbin seleniyam da haidirojin, ba tagwayen haɗi. Mu 'yan garin kuza ya kamata a ce mun fi kowa murna da ita, amma ni ba ta kwanta mini ba. Sinadarin yana da guba, kuma ragowarsa tana saukowa tare da kayanka, sai ka koma tacewar da ka gudu daga gare ta tun farko. Ban taɓa ta ba tukuna, kuma ba na gaggawa.

Mataki na biyu da malam ya sa ni shi ne in yi aikin gaba ɗaya a narke, ba rezin, don in san kamannin abin da nake nema. Akwai wani sinadarin seleniyam ruwan ɗorawa, difenil diselenaid. In aka haɗa shi da buromin sai ya ba da wani ja mai duhu. Na zuba wannan a kan saikuloheksin, wani zoben kabon shida mai tagwayen haɗi, cikin metanol, launin ya washe, seleniyam ya kama kabon ɗaya, metoksi, wato ɓangaren metanol ɗin, ya kama na kusa da shi ta ɗaya gefen. Da feroksaid ya shiga, tagwayen haɗin ya fito ta ɓangaren da ke nesa da oksijin, kamar yadda aka sani. Aiki ya yi, amma na ɗanɗana abin da ya sa mutane ke gudun seleniyam. Ruwan ɗorawar nan yana dawowa ya bi kayanka a wurin tacewa, ga wari mai naci. Wanda seleniyam ya shiga jikinsa da yawa, numfashinsa kan yi warin tafarnuwa, kuma wannan alama ce ta a tsaya a nemi likita. Duk aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake yin sa, da safar hannu da tabarau. Kwalbar sharar seleniyam daban take, da suna a jikinta, kuma ana tanadinta kafin a buɗe komai, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ba sana'ar ɗakin kwana ba ce, wanda ba shi da lab ya tsaya a karatun takarda har Allah ya kawo dama.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da aka damƙa mini rezin mai seleniyam da buromin. Malam ne ya shirya shi da kansa, domin hanyar tana bi ta butil litiyam, wanda ba a ba ɗan koyo. A hanyar Nicolaou, ana ɗora litiyam a kan zoben folistairin, a musanya shi da seleniyam mai metil, sannan a sa buromin a ɗumama. Abin da ke fitowa ƙwayoyi ne jajaye masu duhu. Babbar wahalar aiki a kan rezin ita ce ba ka ganin abin da ke faruwa, ba za ka ɗiga ƙwaya a farantin TLC ba, kuma na'urorin da ke leƙa cikinta ba ko'ina ake samunsu ba. Amma wannan rezin yana magana da launinsa. Na kumbura shi a DCM, na sa saikuloheksin da ɗan metanol, ina kallo jan ya fara kodewa har ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Ban san lokacin da na kira na kusa da ni ya zo ya gani ba.

Ku lura da maganar metanol ɗin nan, don a nan wasan farko ya biya ni. Aikin yana bukatar metanol, shi kuma metanol yana tsuke rezin. Dole a sa shi kaɗan a cikin DCM mai yawa. Haka feroksaid: wanda ake aiki da shi mai kashi 30 ne, sauran ruwa, kuma rezin ba ya shiri da ruwa, don haka a cikin THF ake zuba shi kaɗan-kaɗan, a sanyaye. Na kemis mai kashi 3 ko 6 ruwansa ya yi yawa. Ana kuma sa feroksaid fiye da lissafi, saboda seleniyam ɗin da ya rage a jikin ƙwayar, in ba a ƙara masa oksijin ba, yana iya juyowa ya sake kama tagwayen haɗin da ya saki.

Na tace, na ɗiga a faranti kusa da na wancan gwajin, na tsoma a famanganet mai fito da tabo. Tabo biyun suka tsaya a layi ɗaya, kuma babu ruwan ɗorawar da ya dame ni a baya. Wari ma sai ka matso sosai.

Sai dai ku yi lissafi kafin ku yi murna. A ce rezin yana ɗauke da milimol 1, wato ma'aunin yawan sinadari, a kowane giram. Miligiram 200 nasa milimol 0.2 ke nan. Abin da na haɗa nauyinsa miligiram 112 ne a kowane milimol, don haka ko komai ya tafi daidai, miligiram 22 ne iyakar rabona, ga shi mai saurin tashi, yana bin THF ya gudu a wurin busarwa. Ya isa a gani a faranti, bai isa a auna a ce ga yawan abin da aka samu ba. Wannan hanya ba ta cika kwalba. Amfaninta shi ne yin abubuwa iri-iri, kaɗan-kaɗan, a lokaci guda.

Shi ya sa idona yake kan benzofairan, wani sinadari mai zobe biyu a haɗe, ɗaya da oksijin a cikinsa. A shekarar 2000 rukunin Nicolaou ya nuna cewa in ka ɗauki fenol (zoben kabon shida mai oksijin a gefe) mai reshen firenil (kabon biyar masu tagwayen haɗi) a maƙwabcin oksijin ɗinsa ka zuba wa jan rezin nan, seleniyam yana kama tagwayen haɗin reshen, oksijin ɗin fenol ya rufe zobe mai kusurwa shida. Ɗaurewa da gina zobe a mataki ɗaya. Daga nan ka yi wa ɗaya ɓangaren duk adon da kake so, ka yanke da feroksaid, zoben ya sauko da tagwayen haɗinsa a daidai inda tsirrai ke sa nasu. Da wannan dabara suka haɗa sinadarai 10,000. Abin da ya ja ni shi ne wannan zobe ba baƙo ba ne a dajinmu. Yana cikin degelin, ɗaya daga cikin sinadaran majimfa, wadda masunta suka daɗe da sanin tana bugar da kifi. Yana kuma cikin firikosin, da aka gano a 1976 a wata ciyawa, wanda ke rikita girman ƙwari ya sa su balaga kafin lokaci. Ɗalibanmu da yawa suna tatso sinadarai daga ganye da saiwa, su gwada su a kan ƙwayoyin cuta, aikin ya tsaya nan. Ina son mu iya ɗaukar zoben da tsiro ya ba mu, mu sauya masa reshe ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ne ke yin aikin.

Yanzu abin da ke gabana shi ne shirya fenol mai firenil ɗin a narke, in tsarkake shi sosai, domin reshen yana son sauka a kan oksijin ko a wani gurbin zoben da ba shi ake nema ba, kuma ana zuba wa rezin ninki biyu ko uku na abin da zai iya ɗauka. Mafi sauƙin benzofairan da wannan hanya ke bayarwa nauyinsa miligiram 160 ne a kowane milimol, wato miligiram 32 daga rezin miligiram 200 in an dace, kuma yana fitowa a ƙarƙashin fitilar UV ba sai an tsoma a famanganet ba. Jan rezin da ya rage mini kaɗan ne, yana cikin firiji a kwalba mai duhu, an toshe ta da kyau saboda danshi. Zan raba shi gida biyu, rabi ga fenol maras ado, rabi ga mai metoksi, wanda in ya fito daidai shi ne firikosin na ɗaya.