Zango guda a Beljiyam, takardar digiri a Damagaram

Ƙannenmu ƴan shekarar farko da ta biyu sukan tare ni su ce, "Yaya, ta ina ka bi ka samu karatun Turai?" Yawancinsu sun ɗauka gurbin karatu aka ba ni, irin wanda mutum yake tattara kayansa ya tafi shekara uku ko biyar ya dawo da digirin can. Abin da na yi daban ne, sunansa musayar ɗalibai. Na tafi wata jami'a a yankin Beljiyam mai magana da Faransanci a watan Satumba na 2022, na yi zango ɗaya, na dawo na ƙarasa lisans ɗina, wato digirin farko, a nan Damagaram. Duk tsawon zamana can sunana yana rajistar jami'armu, a nan na biya kuɗin rajista, jami'ar can ba ta karɓi ko dala ba a hannuna da sunan kuɗin karatu. Da Baba ya tambaye ni wa zai ba ni takardar ƙarshe, na ce masa, "Baba, kamar riƙo ne. Yaro ya je gidan wani ya ci ya sha ya koyi abin da zai koya, amma ubansa bai canza ba." Nan take ya gane, ya sa mini albarka.

Shirin da na bi shi ne Erasmus na Tarayyar Turai. An fara shi a 1987 tsakanin ƙasashen Turai su ya su, a 2014 ya zama Erasmus+, daga 2015 kuma aka buɗe ƙofa ga jami'o'in da ke wajen Turai, har da namu na Afirka. Ɗalibi ba ya tashi shi kaɗai ya rubuta wa Turai takarda ya ce a ɗauke shi. Jami'ar can ce ke neman kuɗin, sannan ta sa hannu a yarjejeniya da jami'ar nan, a rubuta ɗalibai nawa za su tafi, daga wane sashe, na wata nawa. Dokar shirin ta yarda da zama daga wata 2 zuwa wata 12. Jami'ar gida ce ke tace ɗalibanta ta tura sunaye. Sanarwar da na gani a liƙe take a allon sashenmu na labarin ƙasa, tsakanin jadawalin jarrabawa da wata tsohuwar takarda da rana ta cinye, ana neman ƴan shekara ta biyu da ta uku. An nemi takardun maki tun daga bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da wasiƙar da mutum zai faɗi dalilinsa na son tafiya. Ni na rubuta a kan ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga su Gogo da Machaya da Arunguza, kuma duk wanda ya tashi a Birni ko Garin Malam ya san layin jarkoki a lokacin bazara. Na ce ina so in koyi zana taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa da kwamfuta.

Abin da ya sa zangon wata ƙasa zai iya shiga cikin digirin Nijar shi ne tsarin LMD, wato lisans shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3, wanda ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka amince da shi a 2007. A wannan tsari kowane darasi yana da nauyinsa da ake kira kiredi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, lisans gaba ɗaya 180. Turai ma haka take ƙirgawa, inda kiredi ɗaya yake daidai da aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da mutum yake yi shi kaɗai a ɗaki. Ashe ke nan a lissafi babu gardama, ka kawo 30 daga can a zuba maka a gurbin 30 na nan.

Sai dai lissafi kaɗai ba ya sa a karɓa. Abin da ke sa a karɓa wata takarda ce guda, yarjejeniyar karatu, kuma ita ce nake so duk mai niyyar tafiya ya riƙe da hannu biyu. Shafi biyu ko uku ce. A jeri ɗaya ana rubuta darussan da za ka ɗauka can, a ɗaya jerin darussan gida da za su maye gurbinsu. Mutum uku ke sa hannu kafin ka taka jirgi: kai, jami'ar da ta tura ka, da wadda za ta karɓe ka. Da zarar hannun nan uku sun hau, jami'arka ta ɗauki alkawarin cewa in ka ci waɗannan darussa ba za ta sake sa ka maimaita su ba.

Na fi jin daɗin wannan zama da shugaban sashenmu fiye da komai na shirye-shiryen. Na buga bayanin kowane darasi daga shafin jami'ar can, na kai masa ofis da la'asar, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ya jawo kujera bakin taga ya sa tabarau. Bai duba sunan darasi kawai ba, layi-layi ya bi abin da ke ciki da jan biro. Darasin taswira da na ilimin ruwa ya ce sun yi daidai da namu har sun ɗara. Da muka zo kan darasinmu na labarin ƙasar Nijar da yankin Sahel, ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, wannan ba za ka same shi can ba, kuma ba zan bari ka fita da lisans ba ka san ƙasarka ba." Na ce, "To Malam, yaya za a yi?" Ya ce zai ba ni littattafan in tafi da su, in na dawo in rubuta jarrabawar tare da ƴan zagaye na biyu, masu sake jarrabawa. Ya rubuta hakan a ƙasan takardar, ya sa hannu, aka buga hatimi. A ganina malamin da ya tsaya ya yi wannan tankaɗe da rairaya ya fi wanda zai sa hannu a tsaye ya ce ka je Allah ya kiyaye, domin ranar da ka dawo, abin da ke rubuce ne kaɗai zai yi maka magana a gaban kwamitin maki.

Na ga abin da rashin haka yake jawowa. Wani ɗan'uwa daga wata ƙasa maƙwabciyarmu da muka zauna gida ɗaya, da ya isa sai ya tarar darussa biyu da ya zaɓa sun faɗo a awa ɗaya. Ya canza ɗaya da wani, jami'ar can ta yarda, amma bai tura gyaran gida an sa masa hannu ba. Shirin ya ba da dama a yi irin wannan gyara a makonnin farko, da sharaɗin ɓangarorin uku su sake amincewa. Ya ci darasin da maki mai kyau, ya koma, aka ce ba shi aka yi alkawari a kai ba. Har yau in na tuna wahalar da ya sha a kan darasin nan raina yakan ɓaci.

Batun fasfo da biza ba zan ja shi ba. Duk zaman da ya wuce kwana 90 sai da bizar dogon zama, ana neman takardar karɓa daga jami'a, shaidar kuɗin tallafi, takardar likita da ta kotu. Hanyar Yamai kusan kilomita 900 ce, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma takarda ɗaya in ta ɓace sai ka sake bin ta. A fara da wuri.

Kuɗin tallafi a lokacin yana tsakanin yuro 800 da 900 a wata, gwargwadon tsadar ƙasar da aka tura ka, ban da kuɗin jirgi. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, wato abin ya haura jika 500 a wata. Da labarin ya shiga unguwa, har akwai masu yi mini kallon wanda zai dawo ya sayi fili. Kusan rabin kuɗin a hayar ɗaki yake tafiya, saura a ci, a hau mota, a sayi rigar sanyi. Kuma kuɗin ba ya riga ka isa. Sai ka sauka, ka yi rajista, ka kai kanka ofishin magajin gari cikin kwana 8 na aiki kamar yadda dokar Beljiyam ta ce, ka buɗe asusu a banki, kafin kason farko ya shigo, alhali mai gida yana son kuɗin ajiya tun ranar da ya miƙa maka makulli. Kawuna da ke da shago a Kasuwar Dole shi ya ranta mini abin da na riƙe na watan farko, na biya shi daga baya. Wanda ba shi da irin wannan kawun ya tambayi jami'ar da za ta karɓe shi tun yana gida, yaushe kuɗin farko zai fito, kuma ko tana da ɗakunan ɗalibai.

Karatun kansa ya fi sanyin garin girgiza ni. Maki a kan 20 suke bayarwa kamar mu, 10 ne ci. Amma mu mun saba darussan rukuni ɗaya suna cike wa juna, 13 ta ɗauki 8 su tsallake tare. Can kowane darasi da kansa yake tsayawa, in ka samu 9 kiredinsa ya tafi. Jarrabawar zangon farko a Janairu ake yi, ta gyara kuwa sai Agusta zuwa Satumba, lokacin ɗan musaya ya daɗe da komawa gida. Damarka guda ce ke nan. Hutun ƙarshen Disamba duk a ɗakin karatu ɗalibai suke cinye shi, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar, azahar da la'asar da magariba su zo a jere kusa da juna. Wasu jarrabawowin da baki ake yi. Ka shiga, ka zaro ƴar takarda mai tambaya, a ba ka ƴan mintoci ka shirya, sannan ka zauna gaban malami ido da ido. Tawa ta faɗo kan yadda ruwa ke taruwa a tsagogin dutse. Na zana masa duwatsun Birni da tafkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani, ya yi ta jefo tambaya har lokaci ya wuce. A ranar na tabbatar cewa abin da malamanmu suka koya mana a nan ba ƙaramin abu ba ne, kayan aiki ne suka fi mu, kwamfutoci da manhajoji da ɗakin karatu mai buɗewa har dare.

Na dawo a Fabrairu. Kalandar jami'o'inmu ba kullum take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta Turai ba, don haka na tarar ajinmu bai gama zangon da na yi can ba, na samu sarari na zauna da littattafan Sahel ɗin nan na rubuta jarrabawarsu. Takardar maki ta iso daga Beljiyam bayan ƴan makonni, na haɗa ta da yarjejeniyar na kai sashe, aka zuba mini kiredina ba tare da an nemi in ƙara komai ba.

Abubuwa sun sauya tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a Janairun 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta, saboda haka hanyar da ƴan gabanmu da yawa suka bi ta toshe. Amma musaya ba ta Turai kaɗai ba ce. Tunda jami'o'in Dakar da Wagadugu da Lome da Kwatano duk da kiredi iri ɗaya suke ƙirga, yarjejeniya tsakanin jami'a da jami'a tana iya kai ɗalibi can ma, kuma tafiyar ta fi sauƙi ga aljihun iyaye. Abin da nake gaya wa ƙannenmu shi ne su je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'a da ƙafarsu, su tambayi waɗanne yarjejeniyoyi ne ke aiki a bana, wacce ce a ciki take da gurbin ƴan lisans, kuma a wane wata ake liƙa sanarwa. In sun samu amsa, su wuce wajen shugaban sashe da bayanin darussan a hannu.