Neman Gidan da Aka Haifi Multatuli a Amstadam

A watannin da na yi a ƙasar Holan don ƙarin karatu, na ƙudurta a raina cewa ba zan koma gida ba sai na ga inda aka haifi Eduard Douwes Dekker, marubucin da aka fi sani da laƙabin Multatuli, kalmar Latin mai nufin "na sha wahala ƙwarai". Gidan shi ne mai lamba 20 a wani siririn lungu da ake kira Korsjespoortsteeg, tsakanin hanyoyin ruwa na Singel da Herengracht, kuma a cikinsa aka haife shi ranar 2 ga Maris, 1820, mahaifinsa kuwa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne.

Sau biyu na wuce bakin lungun ban gane shi ba, domin na sa rai zan tarar da babban gini mai ɗaukar ido, sai da wata dattijuwa da ke ɗaure kekenta ta nuna mini da hannu. Gida ne tsukakke na jan bulo, bai bambanta da na maƙwabta ba in ban da allon da ke ɗauke da sunan marubucin. Ƙofar a rufe take a ranar, saboda ban bincika ranakun da ake buɗe ɗan gidan tarihin da ke ciki ba. Na tsaya na karanta allon, na ɗauki hoto, na tafi ba tare da wani abu ya taɓa zuciyata ba.

Daga baya na gane cewa laifin nawa ne, domin a lokacin ban gama karanta Max Havelaar ba, littafin da ya sa aka liƙa allon tun farko. Multatuli ya rubuta shi a 1859 a wani ɗakin haya a Burasel, babban birnin Beljiyam, cikin talauci, aka buga shi a 1860. Tushen labarin kuwa abin da ya gani ne da idonsa a Lebak da ke tsibirin Jaba, a Indonesiya ta yau, inda aka tura shi a 1856 a matsayin jami'in mulkin mallaka. Ya kai ƙarar basaraken yankin kan ƙwace wa talakawa ɓaunayen da suke noma da su da sa su aikin tilas, amma shugabanninsa suka goyi bayan basaraken, shi kuma ya ajiye aiki bayan 'yan watanni. Wanda ya taso yana jin yadda Turawan Ingila suka yi mulki ta hannun sarakuna a ƙasarmu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya fahimci wannan tsari.

Da na koma bayan makonni uku, na riga na karanta labarin Saija da Adinda da ke cikin littafin, inda ake ƙwace ɓaunan mahaifin Saija sau da dama har gidansu ya watse. A wannan karo na daɗe a gaban allon, kuma abin da ya dame ni shi ne suna ɗaya kawai yake ɗauke da shi, alhali manoman da suka sa ya ɗauki alƙalami babu mai ambatonsu a lungun. Na samu sauƙi kaɗan da na ji cewa a 2018 an buɗe gidan tarihi da sunansa a Rangkasbitung, a Lebak ɗin kanta.

A cikin gidan nasa na Amstadam kuwa, na ga teburinsa na rubutu da littattafansa, sannan na ga jar doguwar kujerar da ya cika a kanta ranar 19 ga Fabrairu, 1887, a Ingelheim ta ƙasar Jamus, inda ya ƙare rayuwarsa nesa da garin da aka haife shi. Da na fito, na bi gefen Singel a ƙafa har zuwa gadar Torensluis, inda aka kafa mutum-mutuminsa a 1987, na zauna a kusa da shi na sake karanta shafukan Saija har sanyin yamma ya tashe ni.