Katin hoton da ke barci a cikin kwamfuta

Shagona yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, kuma da gyaran kwamfuta nake ci da iyalina. Tun da ɗaliban jami'a suka soma sayo kwamfutocin hannu daga Kano, da wuya mako ya wuce ban ji wannan kukan ba: ga tambarin NVIDIA, kamfanin da ke ƙera katin hoto, manne a jikin na'ura, amma da an buɗe wasa irin PES ko GTA V sai ƴan wasan su riƙa tafiya kamar masu ratsa taɓo.

Ranar Alhamis wani saurayi ya shigo da tasa, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, an cuce ni, katin nan na bogi ne." Na ce, "Ƙanena, samu wuri ka zauna, bari mu duba tukuna."

Irin wannan kwamfuta katin hoto biyu gare ta, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo. Ƙaramin yana cikin ƙwaƙwalwar Intel, a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, yake aron wurin aiki, kuma ba ya shan batir sosai. Babban, kamar GTX 1650 da ke cikin tasa, yana da wurin aiki na kansa mai giga 4. A 2010 NVIDIA ta fito da tsarin Optimus, wanda ke barin babban ya yi barci har sai aiki mai nauyi ya zo. Dabara ce mai kyau, sai dai wani lokacin na'urar ba ta gane cewa wasa aka buɗe, sai ta ɗora wa ƙaramin kayan da suka fi ƙarfinsa.

Muka bar wasan yana tafiya, na danna Ctrl da Shift da Échap, na shiga Performances, inda ake ganin aikin da kowane kati ke yi. GPU 0, wato ƙaramin, ya cika maƙil, GPU 1, babban, kuwa yana kan sifili. Da ya ga haka da idonsa sai fuskarsa ta saki.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Yawancin na'urorinmu da Faransanci suke: Paramètres, Système, Affichage, sannan Paramètres graphiques. Ka nemo fayil ɗin wasan, ka danna Options, ka zaɓi Performances élevées, ka rufe wasan ka sake buɗewa. Inda yaran shagona ke yawan tuntuɓe shi ne wajen zaɓen fayil. A GTA V, PlayGTAV.exe ƙofa kawai yake buɗewa, GTA5.exe ne wasan. Ni ma na taɓa kashe yini guda ina fama a cikin manhajar NVIDIA, ban san cewa tun sabuntawar 2020 zaɓin da aka yi a Windows 10 shi ke gaba da nata ba. Har yanzu ina jin nauyin mutumin da na sa ya yi ta jira ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne caja. Kwamfuta mai irin wannan katin tana son wat 135 zuwa 150, amma sau da yawa da caja mai wat 65 ake haɗa wa mutum, don bakinta ya shiga. Katin zai farka, amma ba zai samu abincin da zai ishe shi ba, batir ma ya riƙa raguwa alhali waya tana jone. In aka ɗauke wuta kuwa, na'urar da kanta take rage gudu, NVIDIA kan tsayar da wasa a hoto 30 cikin daƙiƙa. Sai kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Mai ɗora kwamfuta a kan katifa yana wasa a irin wannan lokacin, shi ke dafa katinsa da hannunsa.

Akwai katin da ya mutu da gaske. In na sake saka direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, amma saƙon matsala mai suna Code 43 ya ƙi tafiya daga Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera kayan cikin na'ura, nakan faɗa wa mai ita gaskiya, ba na karɓar kuɗinsa da sunan gwaji.

Na saurayin nan lafiyarsa ƙalau. Na juya bayan cajarsa na nuna masa 65W a rubuce. Mun ba direban Kano saƙon wata mai wat 150, ranar Asabar za ta iso. Kafin nan na buɗe fankar na kakkaɓe masa ƙura.