Zaren gilashi a cikin mota: ƙaiƙayi, tari da maganar ciwon daji

A motoci da yawa, allon da ke bayan yadin silin an ƙarfafa shi ne da zaren gilashi, wanda masu gyara ke kira faiba, kuma akan sa shi a shimfiɗar da ke tare zafi da ƙara a ƙarƙashin bonet. Muddin yana rufe, ba ya cutar da kowa. Matsala takan taso ne idan mota ta tsufa, zafin rana ya cinye soso da gam, yadin ya zazzago, mai mota ya gaji ya yage shi, ya bar allon a fili bisa kan fasinjoji.

Ɓurɓushinsa ba guba ba ne, sukar fata yake yi, shi ya sa yake kawo ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a wuya da hannu, da jan ido, da kaushin maƙogwaro da tari. Mai asma ya fi kowa jin jiki. Susa kuwa ƙara cusa zaren take yi cikin fata, don haka gara a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kuma wanke tufafin daban.

Maganar ciwon daji ce ta fi tsorata mutane, domin suna kwatanta zaren gilashi da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke jawo ciwon daji. A shekarar 2001, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta cire audugar gilashin da ake tare zafi da ita daga rukunin abubuwan da ake zargi da jawo cutar, ko da yake ta bar wasu zaruruwa na musamman masu tsananin siranta a ciki. Zaren gilashi yana karyewa ne a gicciye, ba ya tsagewa a tsaye ya ƙara sirancewa kamar asbestos, kuma wanda ake ƙarfafa allo da shi ya yi kaurin da da wuya ya kai can cikin huhu.

A ganina, wanda ya fi cancantar a damu da shi ba fasinja ba ne, yaron gareji ne da ke yanka faiba yana goge ta da injin ba takunkumi ba tabarau, yana kuma shaƙar warin ruwan da ake kwaɓa ta da shi, wanda ke ɗauke da sinadarin sitirin mai sa jiri da ciwon kai. Haka nan masu wankin mota da ke busa cikinta da iska, ƙurar kawai suke tayarwa. Injin zuƙe ƙura da jiƙaƙƙen tsumma su ne ke kwashe ta.