Kwalekwalen marigayi Baba Idi

Tun bayan sallar isha'i nake zaune da 'yar takardar da na yi lissafi a kanta, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da kuɗin da na ambata da rana a dam ɗin Ajiwa ba.

Da sassafe ƙanena Sanusi ya zo ya ce in raka shi mu duba kwalekwalen marigayi Baba Idi, wanda iyalinsa suka sa a kasuwa domin a raba gado. Shekara uku ke nan yana su da jirgin haya, yana raba kamunsa da mai jirgi, kuma na san yadda abin yake ci masa rai. Muka hau babur ɗinsa, muka isa bakin dam ɗin kafin rana ta yi zafi. Ruwan nan da muke sha a birnin Katsina ya ja baya sosai, har sai da muka yi tafiya a kan busasshiyar laka kafin mu kai inda aka kife jirgin a kan duwatsu.

Matar marigayin tana takaba, don haka Nura, babban ɗansa, shi ya tsaya a madadin gida, kuma ban jin ya cika shekara 18. Sarkin ruwa ya zo a matsayin shaida.

Ni ba masunci ba ne, amma na ɗauki shekaru ina sayen katako, shi ya sa Sanusi ya jawo ni. Jirgin na madaci ne, ƙirar Yawuri, kuma shekararsa 6 a ruwa. Na bi shi falle-falle ina ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa, domin lafiyayyen katako ƙararsa a tsaye take, wanda ya fara ruɓewa kuwa sai ka ji ta a dushe. Falle biyu na ƙasa, wajen da ruwa yake kwanciya, bakin wuƙa ya shige su ba tare da na danna ba. Ƙusoshin goshi sun yi tsatsa, kuma akwai wurare uku da aka yi maho da gwangwani da kwalta. Muka juya shi muka tura ruwa, Sanusi da Nura suka shiga suka zauna rabin awa, kuma ruwan da ya taru bai fi kwano biyu ba, wanda ga jirgin katako ba abin damuwa ba ne. Tare da shi akwai filafili biyu, da wata doguwar gora, da buhunan taki da marigayin ya ɗinke wuri guda, waɗanda yake kafawa iska ta tura shi lokacin hunturu, kamar yadda ya koya a tafkin Kainji yana saurayi. A duk masuntan wurin shi kaɗai yake yin haka.

Na kira wani kafinta da na sani, ya ce sabo irin wannan yanzu ba zai gaza naira 260,000 ba a wurin masu ƙira. Sarkin ruwa ya ce madaci yakan kai shekara 12 idan ana kula da shi, wato jirgin ya ci rabin rayuwarsa, sai na raba biyu ya zama 130,000. Na cire 30,000 na sauya falle biyu da ƙusoshi da kwalta da ladan aiki, na ce abin da ya dace shi ne 100,000. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kuma kowa ya gyaɗa kai domin lissafin ya fito a fili.

Nura ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, “Malam, ni ban san kan abin nan ba. Inna ta ce duk abin da manya suka yanke mu karɓa.” Ko albarka bai ce ba, balle ya nemi ƙari. Sarkin ruwa ne ya ce a bari sai gobe bayan la'asar, yaro ya je ya shaida wa mahaifiyarsa tukuna.

A hanyar dawowa ne na tuna abin da na tsallake. Sabon jirgi ba a Ajiwa ake ƙera shi ba, kuma duk wanda ya saye shi a Yawuri sai ya ɗauki hayar mota ta ratso Kebbi da Zamfara kafin ya sauke shi a nan, abin da kafintan da kansa ya ce zai ci wajen 60,000. Ashe sabo a bakin ruwanmu 320,000 ne, rabinsa 160,000, idan aka cire gyara ya rage 130,000. Na ƙirga duk aibin da ke rage kuɗin jirgin, amma abu ɗaya da ke ƙara masa daraja, wato kasancewarsa a nan, ban saka shi ba, kuma wannan giɓi na 30,000 daga rabon marayu zai fita ya shiga aljihun ƙanena.

Na gaya wa Sanusi muna kan babur. Ya yi shiru har muka shigo gari, sannan ya ce, “Yaya, ai ba ƙarya ka yi ba, kuma 110,000 ne duk abin da na tara.” Gaskiya ne ban yi ƙarya ba, kuma na san kuɗin nan bai taru ba sai da matarsa ta sayar da tumakinta biyu. Sai dai yaron bai ɗauke ni ɗan'uwan mai saye ba, ya ɗauke ni malamin da ya san katako, kuma a kan wannan yardar ya yi shiru.

Matata Hajara ta ce in cika 20,000 daga albashina idan abin ya dame ni haka, Sanusi ya riƙa biyana da kifi. Wata bai kai rabi ba, ga kuɗin makarantar Fatima. Duk da haka na rubuta 130,000 a ƙasan takardar na ja layi, kuma zan fara biyawa ta gidan sarkin ruwa kafin la'asar in ce, ranka ya daɗe, lissafina na jiya akwai gyara. Gorar nan da buhunan taki kuwa ban sa musu kuɗi ba, kuma ina so in roƙi Sanusi ya bar wa Nura su.